Faɗuwa Ma Sana'a Ce: Barry Horowitz da Matsayin Ɗan Faɗuwa a Kokawar Amurka

Gabatarwa

A watan Yuli na shekarar 1995, a wani shirin talabijin na kamfanin kokawa na WWF mai suna Action Zone, an haɗa wani matashi mai ji da kansa da ake kira Skip da wani tsohon hannu mai suna Barry Horowitz. Babu wanda ya zauna kallo a ranar yana tababar yadda wasan zai ƙare, domin tun daga 1987 jama'a suka saba ganin Horowitz yana hawa dandamali, a yi ta jifa da shi na 'yan mintuna, a danne kafaɗunsa, alƙalin wasa ya ƙirga uku, ya tashi yana ɗingishi ya koma inda ya fito. Shi ma Skip ya nuna ya san da haka, domin ana tsakiyar wasa ya tsaya yana motsa jiki, yana dafa ƙasa yana tasowa, don jama'a su ga cewa abokin karawarsa bai kai a mayar da hankali a kansa ba. Horowitz ya lallaɓo ya naɗe shi ya danne, alƙali ya ƙirga uku. Mai sharhi Jim Ross ya yi ta maimaita cewa Horowitz ya ci nasara, kamar mai ba da labarin abin da hankali ba zai ɗauka ba, 'yan kallo kuma suka ɓarke da sowa.

Wannan nasara ita ce abin da aka fi tunawa da shi a rayuwar Horowitz, amma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin aikinsa. Ra'ayin da wannan sharhi yake ɗauke da shi shi ne cewa ainihin gudummawarsa tana cikin ɗaruruwan faɗuwar da suka gabaci wannan rana. Faɗuwa a irin wannan kokawa aiki ne mai buƙatar ilimi da horo da riƙon amana, kuma da ita ake gina taurarin da duniya take yi wa tafi. Wanda ya iya ta ya cancanci a auna shi da ma'aunin ƙwarewa, a biya shi haƙƙinsa, a kuma kare lafiyarsa, ko da kuwa ba a taɓa ɗaga hannunsa sama ba.

Kokawar da Aka Tsara Ƙarshenta

Ya kamata tun farko a bambance wannan kokawa da wadda aka sani a fagen gargajiya. A kokawar gargajiya babu wanda ya san wanda zai kai wani ƙasa sai an gwabza, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta raba gardama. A kokawar da ake kira reslin kuwa, tun kafin a hau dandamali masu kamfani sun riga sun yanke wanda zai ci da wanda zai faɗi, da tsawon lokacin da wasan zai ɗauka, da irin kamun da za a rufe shi da shi. 'Yan sana'ar sun shafe shekaru aru-aru suna ɓoye wannan sirri, har zuwa 1989, lokacin da kamfanin WWF ya shaida wa majalisar dattawan jihar New Jersey cewa abin da yake gabatarwa nishaɗi ne ba gasar wasanni ba, domin ya kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni ta jihar.

Tun kafin wannan ikirari, masanin adabin nan na Faransa, Roland Barthes, ya buɗe littafinsa Mythologies na 1957 da maƙala a kan kokawa. A nasa ganin, ɗan kallo bai damu da ko faɗan na gaske ne ba. Abin da ya kawo shi shi ne ya ga an baje masa wahala da shan kaye da sakayya a fili, kamar yadda ake yi a wasan kwaikwayo. Idan aka karɓi wannan fahimta, to dole ma'aunin ƙwarewa ya sauya. A wasan kwaikwayo babu mai cewa wanda aka kashe a fitowa ta biyu ya gaza wanda ya rayu har ƙarshe. Abin da ake dubawa shi ne yadda kowannensu ya riƙe matsayin da aka ba shi. Yawan nasarar ɗan reslin yana nuna shawarar da masu kamfani suka yanke a kansa ne kawai. Ƙwarewarsa kuwa sai an duba aikin da ya yi tsakanin ƙararrawar farko da ta ƙarshe.

Wane ne Ɗan Faɗuwa?

A bakin 'yan sana'ar, amincewa da shan kaye ana kiransa yin aiki, daga nan aka samo sunan joba ga wanda shan kaye ya zame masa aikin yau da kullum. Da yake sunan yana ɗauke da raini, kamfanoni suka ƙirƙiro wani laƙabi mai taushi da ke nufin mai ƙara wa wani haske. A nan za a kira shi ɗan faɗuwa, domin sunan ya fi faɗin gaskiyar abin da yake yi.

Matsayinsa ya samo asali ne daga yadda kamfanonin suke samun kuɗi. A shekarun 1980, shirye-shiryen mako-mako irin su Superstars of Wrestling da Wrestling Challenge talla ce kawai. Kuɗin yana cikin tikitin manyan zauruka da kuma wasannin da sai an biya na musamman ake kallo. Saboda haka babu ɗan kasuwar da zai haɗa tauraro da tauraro a kyauta. Abin da ake nunawa a talabijin shi ne tauraro yana ragargazar wani bawan Allah cikin minti biyu ko uku, domin mai kallo ya ga ƙarfinsa, ya san kamun da yake gamawa da shi, ya kuma ƙagu ya ga ranar da zai haɗu da daidai da shi. A dare ɗaya akan ɗauki shirye-shiryen makonni da dama, ta yadda ɗan faɗuwa zai iya shan kaye fiye da sau ɗaya kafin ya koma masauki.

Hatta yadda ake gabatar da shi yana bayyana matsayinsa. Tauraro yana fitowa da kiɗa da fitilu, yana tafe yana ƙasaita. Ɗan faɗuwa kuwa sai dai a buɗe kyamara a gan shi tsaye a kusurwar dandamali, a ambaci sunansa da garinsu a gurguje. A babban wasan WrestleMania na farko, ranar 31 ga Maris 1985 a zauren Madison Square Garden da ke New York, an sa King Kong Bundy ya murƙushe S.D. Jones, aka kuma sanar cewa cikin daƙiƙa 9 aka gama, alhali wasan ya ɗan fi haka tsawo. Kamfani yana buƙatar jama'a su ji tsoron Bundy, Jones kuma shi ya biya kuɗin wannan tsoro da jikinsa da sunansa.

Tafiyar Barry Horowitz

An haifi Horowitz a garin St. Petersburg da ke jihar Florida. Ya koyi sana'ar a hannun Boris Malenko, ɗaya daga cikin malaman kokawa da ake girmamawa a wancan zamani, ya kuma fara wasa a 1979. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne cewa kafin ya zama ɗan faɗuwa ya taɓa zama zakara. A 1985, yana amfani da sunan Jack Hart, ya doke Mike Graham a wasan ƙarshe na wata gasa ya ɗauki kambun masu nauyi na Florida. Haka kuma a 1992 ya riƙe kambun marasa nauyi na kamfanin Global Wrestling Federation da ke jihar Texas. Ke nan, mutumin da aka sani da faɗuwa a babban kamfani, ƙananan kamfanoni sun ga ya isa su ɗora masa kambunsu.

Da ya shiga WWF a 1987, ya tarar da kamfani da ya ginu a kan ƙarti masu ƙirar samudawa irin su Hulk Hogan da Ultimate Warrior. Horowitz ba shi da irin wannan jiki, sai dai yana da abin da yawancinsu suka rasa, wato sanin dabarun kokawa ciki da waje. Wannan ilimi shi ya samar masa gurbi, shi ne kuma ya ɗaure shi a gurbin. Duk sabon tauraron da ake so a fito da shi ana buƙatar wanda zai karɓi dukansa ba tare da ya ji masa ciwo ba, ya kuma rufe masa asiri idan ya yi kuskure, Horowitz kuwa ya iya wannan fiye da kowa. A wasan Survivor Series na 1993 an sa shi a cikin tawagar Shawn Michaels da ta kara da 'yan gidan Hart, amma fuskarsa a rufe, da sunan wani jarumi mai jajayen kaya. An amince da aikinsa a babban dare, sunansa ne ba a ga amfanin ambata ba.

Sai kuma shekarar 1995 ta zo. An gabatar da nasararsa a kan Skip, wanda ainihin sunansa Chris Candido, a matsayin ta farko da ya taɓa samu a gaban kyamarar kamfanin. Ranar 27 ga Agusta, a babban wasan SummerSlam da aka yi a Pittsburgh, ya sake doke shi. Aka ba shi kiɗan shiga fili irin na taurari, wanda aka ɗauko daga wata sananniyar waƙar Yahudawa kasancewarsa Bayahude. A watan Nuwamba ya fito a Survivor Series tare da Marty Jannetty da Bob Holly da Hakushi, a wata tawaga da sunanta ke nufin waɗanda ba a sa ran za su ci. Mujallar Pro Wrestling Illustrated ta ba shi lambar ɗan kokawar da ya fi ƙarfafa wa jama'a gwiwa a wannan shekara. Amma biki bai daɗe ba. Kafin 1996 ta yi nisa ya koma aikinsa na da. Ya bar kamfanin a 1997 ya koma WCW, inda ya zauna har 2000, yana cikin waɗanda Bill Goldberg ya bi ta kansu a jerin nasarori 173 da kamfanin ya ƙirga masa.

Ƙwarewar da Ido ba ya Gani

Mai kallo yakan ɗauka cewa faɗuwa abu ne da kowa zai iya. Gaskiyar magana ita ce, abu na farko da ake koya wa ɗalibin reslin shi ne faɗuwa, kuma shi ne abin da ya fi korar mutane daga makaranta. Dandamalin katako ne da aka jera a kan ƙarafuna, aka ɗora masa siririyar katifa aka lulluɓe da tamfol. Wanda zai faɗi a kansa dole ya sauka da faɗin bayansa, ya manne haɓarsa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugu, ya ware hannuwansa su daki ƙasa a lokaci guda don nauyin ya bazu. Tauraro yana iya gama wasan talabijin bai yi irin wannan faɗuwa ba ko sau ɗaya. Ɗan faɗuwa kuwa ita ce aikinsa daga farkon wasa har ƙarshe.

Abu na biyu shi ne abin da 'yan sana'ar suke kira sayarwa, wato nuna zafin duka ta yadda ɗan kallo zai gaskata. Naushin da ba a sayar ba naushin banza ne, komai girman damtsen mai shi. Idan ɗan faɗuwa ya yi sanyi wajen nuna ciwo, tauraro ya zama rago. Idan ya wuce gona da iri, wasan ya zama abin dariya. Tsayawa a tsakiyar waɗannan biyu shi ne gwaninta, kuma tana buƙatar sanin lokacin da za a yi tangaɗi, da lokacin da za a zube, da ɓangaren da kyamara take, da irin yanayin da fuska za ta nuna. Ƙarfin da ake gani a jikin tauraro, rabinsa daga jikin wanda ake duka yake fitowa.

Abu na uku shi ne haɗin kai a cikin jifa. Ƙato mai nauyin buhun hatsi ba ya tashi sama cikin sauƙi sai da yardarsa. Shi ne zai dogara da ƙafa ya yi tsalle a daidai lokacin, ya dafa kafaɗar mai ɗaga shi, ya daidaita jikinsa a sama. Sau da yawa kuma tsohon hannu irin Horowitz shi ne yake jan ragamar wasan, yana raɗa wa sabon tauraro abin da zai yi na gaba, yana ba shi damar numfasawa idan ya gaji. Jama'a suna ganin wanda ake jifa da shi, ba su san shi ne malamin da ke gudanar da darasi ba.

Na huɗu kuma mafi wuya shi ne danne son zuciya. Ɗan faɗuwa ƙwararre ya san ya fi wanda zai ci shi iyawa, ya san zai iya kunyata shi a gaban dubban mutane cikin ƙiftawar ido, amma ya kwanta a ƙirga masa uku saboda alƙawarin da ya ɗauka. Dukkan sana'ar a kan wannan amana take tsaye. Ranar da masu faɗuwa suka ƙi faɗuwa, babu sauran labarin da za a bayar.

Sirrin Farin Jininsa

'Yan faɗuwa sun yi yawa a wancan zamani, amma kaɗan ne aka riƙe sunayensu. Abin da ya ware Horowitz wata 'yar ɗabi'a ce da ya ƙirƙira wa kansa. Da zarar an ambaci sunansa, sai ya miƙa hannu ta saman kafaɗarsa ya bubbuga bayansa, alamar jinjina da a al'adar Amurka wani ne yake yi wa mutum idan ya yi abin kirki. Har riga yake sawa mai hoton tafin hannu a baya. Hausawa sun ce yabon kai jahilci, kuma da farko haka aka so jama'a su ɗauke shi: mai girman kan da ba shi da abin taƙama, wanda za a ji daɗi idan an lallasa shi. Amma da shekaru suka tura, ma'anar ta juya. Mutumin da ya san babu mai yaba masa, ya san kaye zai sha, amma kowane mako ya zo da tsabtatattun kayansa ya yaba wa kansa ya yi aikinsa, ya daina ba mutane haushi, ya fara ba su sha'awa.

Dalilin haka a fili yake. Mafi yawan masu sayen tikiti ma'aikata ne, masu tashi da sassafe su yi aikin da wani zai karɓi yabonsa. Suna son Hogan saboda shi ne abin da suke mafarkin zama, amma rayuwarsu ta yau da kullum da ta Horowitz take kama. Shi ya sa sowar da aka yi a 1995 ta bambanta da wadda ake yi wa tauraro. Nasarar tauraro cika alƙawari ce da aka riga aka sa rai da shi. Ta ɗan faɗuwa kuwa tana ba mai kallo damar ya yarda, ko da na dare ɗaya ne, cewa tsarin da ya saba gani yana iya karyewa.

Masu kamfani sun san darajar wannan makami. A 1987 'yan'uwan nan biyu, Bill da Randy Mulkey, sun ci wasa bayan doguwar faɗuwa a kamfanin Jim Crockett, jama'a suka yi ta murna kamar an ɗauki kambu. Ranar 17 ga Mayu 1993, wani siririn matashi mai suna Sean Waltman ya doke Razor Ramon a shirin Monday Night Raw, daga nan ya zama tauraro da sunan 1-2-3 Kid. Abin lura shi ne, irin wannan dare ba ya samuwa sai an tara masa jari, jarin kuwa shi ne faɗuwar da aka yi a baya. Da Horowitz yana ci yau ya faɗi gobe, da nasararsa a kan Skip ba ta girgiza kowa ba. Sunansa ya ma fita daga da'irar kokawa, domin a 2011 mawaƙin gambarar zamani na New York, Action Bronson, ya sa wa wata waƙarsa suna Barry Horowitz. Zakaru da yawa na wancan zamani ba su sami haka ba.

Kura da Shan Bugu

Sha'awar labarin bai kamata ta rufe ido daga ganin farashinsa ba. Ɗan faɗuwa shi ne ya fi kowa karɓar duka, shi ne kuma a ƙasan jerin masu karɓar kuɗi. Ba a buga hotonsa a riga, ba a sayar da kayan wasan yara da siffarsa kamar yadda ake yi wa taurari, kuma da yawa daga cikinsu biyan dare ɗaya ake yi musu. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Horowitz da Steve Lombardi, wanda aka sani da Brooklyn Brawler kuma ya yi wa kamfanin aiki daga 1983 zuwa 2016, suna cikin 'yan ƙalilan da suka sami dogon zama. Akasari akan ɗauko su ne daga garin da ake wasa, a yi amfani da su, a wuce.

Haɗarin kuma na gaske ne. A 1986, wani matashi da aka gabatar da sunan Jack Foley ya kara da tawagar British Bulldogs a talabijin, inda dukan da Dynamite Kid ya yi masa ya ji masa ciwo a muƙamuƙi har ya yi kwanaki ba ya iya tauna abinci. Wannan matashi shi ne Mick Foley, wanda daga baya ya riƙe babban kambun WWF har sau 3. Shi ya tsira. A watan Disamba na 1990 a birnin Tampa, wani ɗan faɗuwa mai ƙarancin horo, Chuck Austin, ya sauka da ka lokacin da Marty Jannetty ya yi masa wani kamu, wuyansa ya karye, ya sami nakasa. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi diyyar dala miliyan 26.7. Wannan shari'a ta nuna abu biyu a lokaci guda: cewa faɗuwa ilimi ce da rashinsa ke iya gurgunta mutum, da kuma cewa an daɗe ana ɗaukar masu yinta a matsayin kayan da ake iya sauyawa.

Bugu da ƙari, kamfanin, wanda ya koma WWE a 2002, yana ɗaukar 'yan wasansa ne a matsayin 'yan kwangila masu zaman kansu, ba cikakkun ma'aikata ba, kuma ba su da ƙungiyar ƙwadago. Yunƙurin da Jesse Ventura ya yi na kafa ta a 1986 bai kai ko'ina ba. Tauraro yana da bakin da zai yi ciniki da shi, domin kamfani yana tsoron rasa shi. Ɗan faɗuwa ba shi da wannan, saboda haka rashin tsarin kariya a kansa ya fi faɗawa.

Hujjojin Masu Saɓani

Akwai mai cewa da Horowitz ya isa, da ya zama tauraro, domin kasuwa ba ta ƙarya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin tauraro yana buƙatar kwarjini da iya magana da siffar da ke jan ido, kuma ba kowane ƙwararre Allah ya hore wa waɗannan ba. Amma hujjar tana mantawa da cewa a reslin mutum ɗaya ko 'yan kaɗan ne suke yanke wanda za a ɗaga, da irin jikin da suke so. Foley da Waltman da 'yan'uwan nan Matt da Jeff Hardy duk sun fara ne da faɗuwa a talabijin. Da ba a buɗe musu ƙofa ba, da yau ana cewa su ma ba su isa ba. Ban da haka, wanda ya gwanance wajen faɗuwa yakan zama mai tsadar da ba a son a cire shi daga gurbinsa, ta yadda ƙwarewar tasa ce take hana shi hawa.

Akwai kuma mai cewa ɗaukaka ɗan faɗuwa koya wa mutane miƙa wuya ne, a ce musu su gamsu da zama a ƙasa. Wannan suka ce mai nauyi, kuma za ta tabbata idan aka tsaya a kan yabo kawai, a ce mutumin kirki ne mai haƙuri a wuce. Amma amincewa da cewa aikinsa ƙwarewa ce yana haifar da akasin miƙa wuya. Idan ƙwararre ne, to yana da haƙƙin albashin ƙwararre, da kulawar likita, da ambato a tarihin sana'ar. Raina aikin shi ne yake sauƙaƙa danne mai yinsa.

Kammalawa

Zamanin ɗan faɗuwa irin na da ya fara gushewa ne a daidai shekarar da Horowitz ya yi tashe. A watan Satumba na 1995 kamfanin WCW ya ƙaddamar da shirin Monday Nitro don ya yi gogayya da Raw, kuma gasar neman masu kallo ta tilasta wa kamfanonin biyu haɗa tauraro da tauraro kowane mako. Duk da haka buƙatar ba ta mutu ba. A 2016, da aka so a nuna Braun Strowman a matsayin dodo, sai da aka koma ga tsohuwar dabara ta kawo masa 'yan faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa gano wata hanyar gina ƙato ba wadda ta fi a sami wanda ya iya faɗuwa a gabansa.

Abin da ya rage shi ne biyan bashi. Zauren karramawa na kamfanin ya shigar da Johnny Rodz a 1996, ya kuma tuna da S.D. Jones a 2019, shekara 11 bayan rasuwarsa, amma irin waɗannan sunaye ana iya ƙirga su da yatsu. Ya dace a faɗaɗa wannan ƙofa tun masu ita suna raye. Ya dace kada a bar kowa ya hau dandamali sai an tabbatar da horonsa, a kuma ɗauki nauyin jinyar wanda ya ji ciwo ko da na dare ɗaya aka ɗauke shi. Su ma masu nazarin wasan kwaikwayo da al'adun zamani suna da nasu aikin, domin sun fi karkata ga jarumi da mugu, suna tsallake mutum na uku wanda da jikinsa ake auna ƙarfin su biyun. Horowitz ya shafe shekaru yana bubbuga bayansa da kansa saboda babu wanda ya miƙo hannu, alhali akwai taurari da yawa da shi ya koya wa jama'a jin tsoronsu.